Tambaya da Amsa: Tuwon dare ne ke hana ni rage ƙiba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce mai shekara 38, kuma wata uku ke nan ina ƙoƙarin rage ƙiba. Ƙawata ta ce muddin ina cin abinci bayan ƙarfe 7 na dare, wahalar banza nake yi. Ga shi maigidana ba ya dawowa daga kasuwa sai bayan sallar isha'i, tare muke cin tuwo wajen ƙarfe 9. Da gaske ne lokacin cin abinci ke kawo ƙiba? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maganar ƙawarki akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai ta ƙara mata gishiri. Jiki bai san wata iyaka ta ƙarfe 7 ba. Abin da ke tara kitse ko ya narkar da shi shi ne yawan abin da kika ci a yini gaba ɗaya, a kan abin da jikinki ya ƙona.

An gwada wannan. A 2022 masu bincike a Jami'ar Aberdeen da ke Birtaniya sun ba mutum 30 abinci mai kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) iri ɗaya: mako huɗu suna cin mafi yawansa da safe, wani mako huɗun kuma da dare. Nauyin da suka rage kusan ɗaya ne, kilo uku da ɗoriya a kowane zango. Bambancin da aka gani shi ne yunwa: lokacin da suke cika ciki da safe, ba ta damunsu sosai da rana. To a nan gizo ke saƙar. A wurin bincike awo ake yi wa mutum, a gida kuwa yunwa ce ke riƙe da ludayi.

Amma kada a ce lokaci ba shi da tasiri ko kaɗan. Da dare jiki ba ya sarrafa suga kamar yadda yake yi da hantsi, don haka malmalar tuwon da aka ci ƙarfe 10 na dare ta fi ɗaga sugan jini. A Sifen ma, wani bincike na 2013 a kan mutum 420 ya nuna masu cin babban abincinsu na rana kafin ƙarfe 3 sun rage kusan kilo 10 a mako 20, masu jinkirtawa kuwa ba su kai kilo 8 ba.

Shawararmu, kada ki raba kwano da maigida saboda wannan. Ki sauya yawan abin da kike ci a lokacin. Ki karya kumallo da abu mai riƙe ciki, kamar ƙosai ko alale ko ƙwai, ki ci na rana sosai tsakanin azahar da la'asar, ta yadda ƙarfe 9 za ta same ki ba a galabaice ba. Da dare malmala ɗaya gwargwadon dunƙulen hannunki ta isa, miyar kuka ko kuɓewa ko ta ganye ta fi tuwon yawa, da yankan nama ko kifi. Ki lura da mai: cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, kuma sau da yawa cokali biyu ko uku ke kwance a saman miyar mutum ɗaya. Lemon kwalba mai zaƙi na santilita 50 ya kai kalori 200. Shayin bayan tuwo mai madara da suga cokali huɗu, ga biredi, wannan cin dare ne na biyu, kuma shi ya fi ɓata wa mutane lissafi. Idan kika rage kalori 500 a kullum, za ki iya sauke kusan rabin kilo a mako.

Ki bar aƙalla awa biyu zuwa uku tsakanin cin abinci da kwanciya. Wannan ya fi shafar ƙwannafi, domin kwanciya da cikakken ciki na sa ruwan ciki mai tsami ya hauro maƙogwaro, barci ya lalace, ƙarancin barci kuma yana ƙara kwaɗayin zaƙi washegari.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a wuni da ruwan shayi kawai da sunan rage ƙiba, dare ya yi a rama har da ƙari.

Tambaya: Ina da ciwon suga, ina shan magani. Zan iya daina cin abincin dare gaba ɗaya don in rage tumbi? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malam, kada ka yi haka da kanka. Idan allurar insulin kake yi, ko kana shan ƙwaya irin su glibenclamide, kwana da yunwa zai iya sa suga ya faɗi kana barci. Alamunsa gumi, rawar jiki, bugun zuciya da ruɗewa, yana kuma iya kaiwa ga suma. Ka rage yawan tuwon, ka matso da lokacin cin zuwa bayan magariba, sannan ka je wa likitanka da awon suganka na safe na kwana bakwai, domin ya duba ko maganin na buƙatar gyara kafin ka sauya wani abu.