Yaya Ake Gane Kububuwa?

Tambaya: Mu manoma ne a Kaltungo. Ta yaya za mu bambanta kububuwa da kasa?

Amsa: Malam, girma ne abu na farko. Kasa kakkaura ce, takan kai mita 1. Kububuwa kuwa ƙarama ce, yawanci santimita 30 zuwa 50, kai mai faɗi, wuya siriri, fata ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon fari.

Sai sauti. Kasa kumbura take yi ta yi huci. Kububuwa nannaɗewa take yi tana goga ɓawon gefen jikinta mai kaifi kamar haƙoran zarto, ƙarar da ke fita ita ce gargaɗinta.

Fiƙoƙinta biyu suna gaban muƙamuƙin sama, da rami a cikinsu inda dafi ke bi. A kwance suke, sai ta buɗe baki su miƙe. Dafin yana hana jini daskarewa, shi ya sa dasashi ke zubar da jini.

Don Allah kada ƙanƙantarta ta ruɗe ku. Kada a tsaga wurin saran, kada a ɗaure da igiya. A garzaya asibitin masu saran maciji na Kaltungo.