Zaman cin abincin dare a jirgin ruwa: na ƙarfe shida ko na takwas da rabi?

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ina ganin tambayarki na ajiye wanke-wanken da nake yi na zauna, don kamar labarina kika ɗauko. Kin ce a watan Yuli za ku tashi daga Basalona, kwana bakwai a Bahar Rum, ke da maigida da yara biyu da Mama, kuma Mama na da ciwon suga. An ce ku zaɓi lokacin cin abincin dare, maigida ya fi son na takwas da rabi don kada ku riƙa gaggawar dawowa daga yawo. To ni dai tun kafin in yi nisa, ki ɗauki na shida. Kuma yau ɗin nan za ki kira kamfanin jirgin, kada ki bari sai gobe, don shi ne ke fara cika. Masu yara da masu tsofaffi duk shi suke rububi, in kika yi sanya sai dai a sa sunanki a layin jira.

Mu a Yulin 2023 muka yi irin wannan tafiyar. Basalona, Marsel, Janowa, tashar da ake sauka a tafi Roma, Napoli, Palma, a dawo. Mu takwas ne, ni da baban yara da yaranmu uku, sai Hajiya surukata, ita ma mai ciwon suga ce, sai ƙanwar maigida da mijinta. Ita ƙanwar maigidan ce ta yi mana komai wajen ejan, wai ta fi mu sanin kan tafiya, alhali sau ɗaya ta taɓa shiga jirgin ruwa, shi ma ita da miji ne ba yaro ba tsoho. Ba ta tambayi kowa ba ta zaɓa mana zaman biyu, wato na takwas da rabi. Sai da muka shiga jirgi aka ba mu katin ɗaki na ga an rubuta 20:30 a jiki. Na ce mata, Anti, Hajiya fa a gida ƙarfe bakwai take cin tuwonta, shekara nawa a haka. Ta ce wai na shida na 'yan ƙauye ne da tsofaffin Turawa, ana hutu wa zai ci abincin dare rana na tsakar ka. Baban yara ya ce in bari kawai. Na bari. Har yau ina jin haushin kaina da na bari, don ranar farko da yamma shugaban ɗakin cin abincin yakan zauna musamman don masu son a canza musu lokaci ko tebur, kuma na wuce ta gabansa da ƙafata.

Daren farko ƙaramar tawa, shekararta huɗu lokacin, a kan tebur ta yi barci, kumatu cikin kwandon burodi. Ki sani abincin nan ba a zama a tashi. Za a kawo takardar jerin abinci, a ɗauki odar kowa, a kawo na buɗe baki, a kwashe, a kawo babban, a kwashe, a kawo kayan zaƙi. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Wanda ya zauna takwas da rabi sai goma ta wuce yake tashi, sannan da asuba a ce a fito, bas na jira.

Amma ba wannan ne ya sa nake rubuta miki dogon bayani ba. Ranar Roma ce.

Jirgi ba ya shiga Roma, a Cibitabekiya yake tsayawa, kusan kilomita 80 tsakani, fiye da awa ɗaya a bas. Makon nan kuwa zafin Italiya ya haura digiri 40, ni 'yar Kano sai da na ce a'a. Muka wuni a ƙafa, daga Kolosiyom zuwa fadar Paparoma. Hajiya ba ta ci komai na kirki da rana ba, don duk abin da aka kawo sai ta ce ba ta san da me aka yi shi ba, yankan fiza ɗaya mai tumatir da cuku ta ci shi ma da ƙyar. Muka dawo jirgi shida da kwata, a gajiye liƙis. Na ce mu hau bufe, inda kowa ke ɗiban abinci da kansa, Hajiya ta sa wani abu a cikinta. Anti ta ce ina, yau daren kwalliya ne, kada kowa ya cika ciki, kowa ya je ya yi wanka ya sa leshi, bakwai da rabi za a sauka hoto. Hajiya kuwa kin san iyayenmu da kawaici, ta ce ba komai ba ta jin yunwa.

Abin da ban sani ba, da aka ƙwanƙwasa mata aka ce Hajiya a fito za a sauka, ita ta ɗauka abinci za a je ci. Sai ta yi allurar insulin ɗinta, mai saurin aikin nan da ake yi dab da cin abinci. Allurar da cikin kwata ɗin awa take fara aiki. Muka tsaya layin hoto kusan minti arba'in, Anti na ta gyara ɗaurin ɗankwali tana cewa a sake, ta rufe ido. Muka koma layin ƙofar ɗakin cin abinci. Muka zauna. Ina kallon Hajiya na ga gumi na keto mata, ga sanyin na'ura kamar me. Ta ɗauki kofin ruwa hannu na rawa, ruwan ya zube a kan leshinta. Na ce Hajiya lafiya? Ta kalle ni ta kira ni da sunan yayarta da ta rasu tun kafin a yi aurena. Ta ce a rufe kaji, hadari ya taso. Innalillahi. 'Yar uwa, ban taɓa jin ƙafafuna sun mutu irin na ranar ba. Muna tsakiyar teku, ƙasa ta ɓace, ga uwar mutane tana maganar kaji. Na zazzage jakarta a kan tebur gaban kowa, carbi da goro da komai, na ciro abin gwajin suga na soka mata, ya nuna 2.9. Kin san a ma'aunin da muke amfani da shi a nan Ingila, in ya sauka ƙasa da 4 an shiga matsala.

Wetan teburinmu, wato mai kawo mana abinci, wani yaro ɗan Indunusiya, Musulmi, Allah ya saka masa da alheri duk inda yake, ko tambaya bai yi ba ya ruga ya kawo ruwan lemo. Na riƙe mata kai tana kurɓa, na tura mata dabino biyu da na samu a jakata. Bayan kwata ɗin awa muka sake gwadawa ya ɗan hau. Aka kawo keken marasa lafiya aka sauka da ita asibitin jirgi. Asibitin nan ba kyauta ba ne, a kan katin ɗakinki za su rubuta kuɗin, sai kin dawo ki bi inshora. Don Allah ki duba inshorar Mama, ki tabbata an rubuta ciwon suganta a ciki kuma ta shafi tafiyar jirgin ruwa.

To kin san me Anti ta ce muna tsaye a ƙofar asibitin? Wai ai ni ce ɗakina ke kusa da na Hajiya, ni ya kamata in san ta yi allura. Wai ni da nake aikin kula da tsofaffin Turawa, uwar mijina ce ban iya kula da ita ba. A gaban mijinta, a gaban yarana. Ni da na ce a je bufe! Ni da tun ranar farko na yi magana aka ce in bari! Baban yara yana tsaye yana kallon ƙasa, ko uffan. Na koma ɗaki na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka mai isata. Har yau ba ta ce min yi haƙuri ba, kuma hoton daren nan shi ta buga babba ta rataye a falonta. Duk sanda na je na gan shi sai in ga gumin da ke goshin Hajiya, su ba sa gani. Hajiyar ce ma da kanta, da safe, ta kama hannuna ta ce Allah ya yi miki albarka, ta ce kada in kula. Kai, a bar maganar. Allah ya sa mu dace da dangin miji.

Washegari na je da kaina neman canji. Aka ce na shida ya cika, aka rubuta sunanmu. Sai daren biyun ƙarshe muka samu tebur. Kafin nan ni da Hajiya da yara bufe muke hawa da wuri, su Anti su yi ta zamansu na dare.

Game da hujjar maigidanki, yana da gaskiya ta wani gefen. Ranar Roma, da wataƙila ranar Napoli in za ku je tsohon garin Fompei, da wuya ku kama zaman shida. To sai me? Ba dole ba ne a je kullum. Ki gaya wa wetanku tun da daddare cewa gobe kada su jira ku, ku dawo ku hau bufe, kuɗinsa na cikin tikiti. Kwana ɗaya ko biyu ne cikin bakwai. Sauran tashoshin kuwa, Marsel da Janowa da Palma, gari na kusa, da tsohuwa da yara ma kafin huɗu kun gaji kun dawo.

Sai maganar sallah, wadda ba wanda ya gaya min. A Yuli rana ba ta faɗuwa a Basalona sai tara ta wuce da kusan minti ashirin, wajen Napoli kuwa takwas da rabi da 'yan mintuna. Kin ga mai zaman biyu magariba a tsakiyar abinci take riskarsa, ko ki tashi ki bar kifinki ya huce ki hau bene goma, ko ki zauna zuciya na ɗar-ɗar. Mai zaman shida kuwa la'asar ta shiga dab da lokacin, ki yi abinki ki sauko, ki gama kafin takwas, ki sami sararin alwala ki jira magariba hankali kwance. Mun so mu riƙa haɗa magariba da isha, da baban yara ya tambayi malaminsu ya ce kasaru kam za mu yi, amma a Malikiyya rangwamen haɗa salloli na matafiyin tudu ne, ban da na teku, kodayake wasu mazhabobin sun halatta. Ki tambayi naku malamin kafin ku tashi. Alƙibla kuma juyawa take da jirgi, akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki mai nuna taswira da inda aka dosa, da ita na riƙa kwatantawa. Masu zuwa Karebiyan daga Miyami a Disamba su lissafinsu daban ne, can biyar da rabi rana ta faɗi, kada su ɗauki maganata su yi aiki da ita kai tsaye.

Amfanin tsayayyen tebur ga irinmu shi ne weta ɗaya ne zai riƙa yi muku hidima har ku sauka. Daren farko ki gaya masa ba alade, ba giya ko a cikin miya, ga kuma mai suga. Daga nan kullum zai kawo miki jerin abincin gobe ki zaɓa tun yau. Miyar da ake zubawa kan nama da wasu kayan zaƙin su ne abin lura, da giya ake haɗa da yawansu. Naman halal sai an nema tun makonni kafin tafiya, shi ma ba kowane jirgi ba, mu kifi muka yi ta ci har yara suka fara cewa sun zama kuliyoyi. Ki tafi da yajinki a ƙaramar roba, za ki gode min. Akwai jiragen da ke da zaɓi na uku, ki je duk lokacin da kika ga dama, kamfanin Norwegian ma tsarinsu ke nan gaba ɗaya. Yana da daɗi, sai dai wajen ƙarfe bakwai kowa ke zuwa, ga layi, kuma kullum sabon weta, ki sake bayanin alade daga farko. Da mai allura ni ba zan so jiran da ban san tsawonsa ba.

Kada ki ce na ɓata zaman biyu gaba ɗaya. Da ni da baban yara ne kaɗai shi zan ɗauka. Ƙarfe shida rabin jirgi na ciki suna ci, saman jirgi ya yi fili, ki zauna ki ga ana kwance igiya ana barin gari, iska na kaɗawa. Wasan dare ma galibi sau biyu ake yi don kowane zama ya samu, ba abin da za ki rasa ko ta wane gefe.

Af, kada in manta. Kada ki sa kaskon turare ko gawayi a akwati, za su ƙwace a ƙofa, duk abin da ke da wuta haramun ne a jirgi, har dutsen guga. Nawa kaskon na lantarki ne ma, sai ranar sauka aka maido min. Humra da turaren fesawa sun isa. Atamfofi ki goge su tun gida ki naɗe. Buta kuma babu, robar ruwa za ki ajiye a banɗaki.

Ki gaya wa kamfanin tun yanzu cewa akwai mai suga, su tanadar muku inda za a ajiye insulin, don ɗan firijin ɗakin ba koyaushe yake da sanyin kirki ba, kuma mai gyaran ɗaki zai ba ki robar zuba allurai in kin tambaya. Maganinta a jakar hannu, kada ya bi manyan akwatuna, don su sai yamma suke isowa ɗaki ranar farko. Dabino da ƙaramin kwalin lemo kada su bar jakarki ko hoto za a sauka. Kuma ki zauna da Mama ki gaya mata ƙarara, ba allura sai ta ga faranti a gabanta. Ba ki faɗa ba ma, allura take yi ko ƙwaya take sha? Ki sa likitanta ya duba mata lokutan kafin ku tafi, don Sifaniya da Italiya suna gaban Ingila da awa ɗaya.