Hukuncin kore 'ya saboda launin idonta

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni magidanci ne daga Talata Mafara. Wata biyu da suka wuce matata ta haifi 'ya mace, idonta na dama shuɗi kamar na mage, na hagu baƙi irin namu, ga ɗan farin gashi a goshinta. Na yanka rago mun yi suna, amma tun ranar ake ta surutu. Ko daka ake yi kusa da ita ba ta firgita, shi ya sa wasu ke cewa 'yar aljanu ce. Mahaifiyata ta ce babu mai irin wannan ido a zuri'armu, in binciki matar. Wani ɗalibi a unguwarmu kuma ya karanto min aya cewa masu shuɗin ido su ne masu laifi ranar ƙiyama. Rannan cikin fushi na ce wa matata ta je ta nemo uban yarinyar. Shin ya halatta in kore yarinyar, in ce ba 'yata ba ce, ko in kai ta gwajin ƙwayoyin halitta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ka yanke hukuncin da bakinka a inda ka ce ka yanka rago. An haifi yarinya a shimfiɗarka, ka karɓi barka, ka raɗa mata suna, yau wata biyu. A mazhabar Malikiyya, wanda ya san an haifa masa ɗa ya yi shiru ba da wani uzuri ba, ƙofar li'ani, wato rantsuwar da miji ke yi don kore ɗa, ta rufe masa, balle wanda ya tara jama'a aka ci nama. Ko a ranar haihuwar ka zo min, Shehu Halil ya faɗa a Muhtasar cewa ba a dogara da kamanni wajen kore ɗa. A hadisi, wani mutum ya yi shakkar ɗansa saboda launinsa, sai Annabi (SAW) ya buga masa misali da jajayen raƙumansa da aka samu mai ruwan toka a cikinsu: wataƙila wata jijiya ce ta fizgo daga kakanni. 'Yarka ce, za ta gaje ka, kai ne waliyyinta. Gwajin kuwa, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, ta zauna a Makka a 2002 ta ce ba a kore tabbatacciyar nasaba da shi. Ka bar kuɗinka, akwai inda za su yi maka amfani.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kalmar da ka jefi matarka da ita. Mace tana jego, ga ciwon jiki, ga bakin mutane, sai wanda ya kamata ya tare mata ya ce ta nemo uban ɗiyarta. Wannan hanyar ƙazafi ce, kuma ka san bulala 80 da Suratun Nur ta ambata. Ka tuba, ka nemi yafiyarta, in a gaban mutane ka faɗa to a gabansu za ka janye.

Sai ɗalibin nan. Ayar da ya karanto ita ce ta 102 a Suratu Ɗaha, inda Allah ya ce zai tara masu laifi a wannan rana suna "zurƙan". Da farko, ayar da kanta ta ce "a wannan rana". Hali ne da za a tashe su a cikinsa don azaba, ba kamannin da aka haife su da shi a duniya ba. Sannan malaman tafsiri ba su tsaya kan fassara ɗaya ba: wasu sun ce makafi ake nufi, wasu sun ce tsananin ƙishirwa ne zai sauya musu ido, wasu sun ce shuɗin ido ne haɗe da baƙin fuska. Ko wacce ka ɗauka, ina ruwanta da jaririyar da alƙalami bai hau kanta ba? In ya dage, ka tambaye shi aya ta 106 a Ali Imrana, ranar da wasu fuskoki za su yi fari wasu su yi baƙi. In da ma'auninsa za a auna, ni da kai da shi da duk mutanen Zamfara mun shiga uku. In ya ce wannan baƙin na lahira ne, to shuɗin ma haka. Allah ya lissafa saɓanin launukanmu cikin ayoyinsa a Suratur Rum, kuma akwai dubban Musulmi a Bosniya da Sham masu shuɗin ido suna sahun gaba a masallaci. Ina yi masa nasiha ya ji tsoron Allah, ya daina fassara Alƙur'ani kafin ya zauna gaban malamai, don ga shi yana neman rusa gida da aya guda. Maganar 'yar aljanu kuwa camfi ce.

Yanzu ka saurare ni da kyau, don nan ne gaggawar take. Launin ido yana zuwa ne daga wani sinadari da ake kira melanin, shi ne kuma yake ba fata da gashi launinsu. Inda ya yi yawa ido ya yi baƙi, inda ya yi ƙaranci haske ya sa ya zama shuɗi. Abubuwa ukun da ka lissafa, ido biyu launi daban, farin gashi a goshi, da rashin firgita da ƙara, likitoci sun san su a haɗe. Wani likitan ido ɗan Holan mai suna Waardenburg ya bayyana wannan yanayi a 1951, ana samunsa a kusan mutum 1 cikin 40,000, a kowace ƙabila. Yakan bi jini ta wajen uba ko uwa, wani lokaci ya ɓulla a kan yaro shi kaɗai. Shuɗin idon ba ya hana gani, amma sau da yawa yana zuwa da rashin ji. Ni ba likita ba ne, hukunci na likita ne, sai dai taɓaryar da ake bugawa kusa da kanta ba ta motsa ba ta isa ta sa ka kama hanyar Gusau cikin makon nan. Ka je Asibitin Tarayya ka ce a gwada jinta, a duba idon. In sun tura ka Sakkwato ko Cibiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, ka je. Yaron da aka gane matsalar jinsa cikin watannin farko ya fi samun taimako wajen koyon magana. Wannan wajibi ne a kanka, yana cikin haƙƙin ciyarwa da kulawa.

Kada a ɗiga mata ruwan ganye ko wani haɗi don a mayar da idon baƙi, ba ya mayuwa. Kwalli ma a bari, da yawansa akwai dalma a ciki, kuma ba mu manta yaran da gubar dalma ta kashe a Anka da Bukkuyum a 2010 ba.

Mahaifiyarka ka lallaɓa ta da ladabi, amma ba a yi mata biyayya wajen zargin matarka. In da hali ka tafi da ita asibitin, ta ji bayanin daga bakin likita da kunnenta. Wallahu a'alam.