Kafin ka ciro inji, leƙa ƙarƙashin feda

Ka ce MGB ɗin da ke hannunka, tsohuwar motar nan ƙirar Ingila, ta gagare ka. Ka canja masta, wato silindar sama da ke tura man kuloci idan an taka feda, ka fitar da iskar da ke cikin man, amma kuloci ba ya saki sai feda ta taɓa ƙasa, ribas kuma sai da ƙara take shiga. Kana tambaya ko ka ƙara wa sandar da ke tura kuloci tsawo, ko ka buɗe ka duba faifan kuloci.

Ɗana, duka biyun ka dakata tukuna. A MGB ba a kai wa ga faifan kuloci sai an ciro inji, ga shi ba ka ma tabbatar can matsalar take ba. An ƙera motar nan daga 1962 zuwa 1980, ka ga ko autarsu ta haura shekara 40 ana taka ta. Ɗauki tocila ka buɗe murfin akwatin feda, ka sa wani ya danna fedar da hannu a hankali, kai kuma idonka na kan sandar da ke shiga masta. Idan feda ta yi tafiya sanda na tsaye cik, to wannan tafiyar a banza ta tafi.

Wuri uku take zurarewa. Akwai ɗan fin da ya haɗa feda da bakin sanda, kaurinsa wajen milimita 8. Zare shi ka shafa da farce, za ka ji gurbi inda ƙarfe ya ci ƙarfe. Akwai ramin da ke jikin fedar, wanda da zagayayye ne, yanzu ya koma kamar ƙwai. Sai bushin da feda ke lilo a kai. Kama ta ka girgiza hagu da dama, in tana rawa ya mutu. Kowanne a ido ƙanƙani ne. Amma feda liba ce, a yawancin irin waɗannan motoci tana ninka motsi sau biyar zuwa shida. Milimita ɗaya a fin, ɗaya a rami, rabi a bakin sanda, kafin ka ankara santimita ɗaya da wani abu ta salwanta a ƙarƙashin ƙafar direba, masta bai tura man da zai ishi silindar ƙasa ba, wato wadda ke jikin giya tana sakin kuloci. Shiga ƙarƙashin motar ka auna tafiyar sandar ƙasa, wadda ke fitowa daga wannan silindar, yayin da aka taka feda har ƙarshe. A MGB ya kamata ta yi tafiyar kusan rabin inci.

Batun ƙara tsawo kuwa, cire shi daga ranka. In sandar ƙasa ka ƙara wa, ba abin da zai canja, fistin silindar ƙasa zai ƙara komawa ciki ne kawai, domin kulocin mai da kansa yake cike giɓin da ke can ƙasa. Giɓin sama ne ba ya iya cikewa. In kuma ta masta ka ƙara wa har ta danne fistin, ya kasa dawowa gurbinsa, ka toshe ɗan ramin da mai ke komawa tanki ta cikinsa. Mota za ta fita lafiya lau, inji na ɗaukar zafi mai ya kumbura, kuloci ya fara sulɓi a kan hanya. Shi ya sa ake barin ɗan wasa kaɗan tsakanin sanda da fistin, wanda za ka ji da yatsa.

Fin da bushin saye ake yi, ba sa buƙatar dogon bayani. Ramin feda shi ne inda ake gane hannun bakanike. Hanya biyu ce: ko ka cike shi da walda ka sake hudawa, ko ka faɗaɗa shi ka dasa masa bushin tagulla. Ni ta biyun na fi so, don gobe in ya ci, bushin kawai za a fitar. Kowacce ka ɗauka, tsakiyar ramin ta asali ita ce abin kiyayewa. Cin yana zuwa ne ta gefe ɗaya, gefen da ke tura fin, ɗaya gefen yana nan yadda kamfani ya huda shi. Daga wannan lafiyayyen gefen za ka ɗauki awo, ka yi ɗan ma'auni da guntun ƙarfe ka ɗaure shi a jikin feda kafin wuta ta taɓa ta. In ka saki abin huda ya bi ramin yadda ya ga dama, tsakiyar ƙwan zai nufa, ka dasa sabon bushin a gurbin da ba nasa ba. In rami ya matsa sama ko ƙasa, sanda za ta riƙa shiga masta a karkace tana cin bangon silinda.

Bushin tagulla mai shan mai, irin wanda Chrysler ta fito da shi a 1930, ka jiƙa shi a man inji kafin ka dasa, kada kuma ka goge cikinsa da sanfefa, za ka toshe ƙofofin da mai ke tsattsafowa. Giris kaɗan a fin ya isa, amma kada ya kusanci robobin masta, kumbura su yake yi.

Ba duk motocin ne tsarinsu ɗaya ba. Porsche 911 da waya take jan kuloci har 1986, sai a 1987 ta koma mai. Fedojinta daga ƙasa suke tsirowa, bushin roba ne a ciki, ga ɗan fin da ke riƙe feda a kan sandarta wanda kan karye. Triumph TR6 kuwa, in ka gama da feda kuloci bai saki ba, tabbatar sandar ƙasa tana ramin tsakiya cikin ukun da ke jikin liba, sannan ka tura kiranshaf gaba da baya ka ga ko yana wasa.

Kafin ka mayar da komai, sa a taka feda da ƙarfi ka kalli inda aka ɗaure akwatin a jikin bodi. In ƙarfen yana lanƙwasa ko ka ga tsaga kusa da noti, sai an yi masa walda. Ka mayar da sifirin da ke dawo da feda, ka sake auna sandar ƙasa, ka zo min da awon.