Atamfar waje ce ta rufe masaƙun Kakuri?

Tambaya: Mahaifina ya daɗe yana aiki a wata masaƙa a Kakuri, Kaduna, kafin a rufe ta. Har gobe cewa yake atamfar Sin ce ta kashe su. Da gaske kayan waje na cinye aiki da albashi haka?

Amsa: Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ko kafin atamfar ta iso masaƙun na jin jiki.

An buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a 1957, masaƙun United Nigerian Textiles (UNTL) da Arewa Textiles suka biyo baya, kuma sun jima a inuwar haramcin shigo da yadi. Shirin gwamnati na gyaran tattalin arziki (SAP) na 1986 ya karya naira, kayan gyaran inji da sinadaran rini suka yi tsada. A 1997 aka ɗage haramcin, Sin kuma ta shiga ƙungiyar cinikayya ta duniya a 2001. Atamfa mai kwaikwayon zanenmu ta yi ta kwararowa ta Kwatano da Maraɗi zuwa Kantin Kwari, galibi ta fasa-ƙwauri.

Albashi kan fara zaizayewa tun kafin a garƙame ƙofa. Mai masaƙar da ya kasa ƙara kuɗin turmi, kan ma'aikaci yake komawa: a soke aikin dare, a daina biyan kuɗin ƙarin lokaci, a sallami na dindindin a ɗauki 'yan wucin gadi. Wanda aka sallama ya hau acaɓa ko ya kasa kaya a bakin titi, ya shiga rabon ɗan abin da na can ke samu. Mai tuwo a bakin get ta rasa ciniki, mai gidan haya ya rasa 'yan haya, manomin auduga a Funtuwa ya rasa mai saye. Mai haɗa lefe dai ya samu sauƙi, ba na musu. Amma sauƙin nan ya watsu kaɗan-kaɗan a aljihun miliyoyi, asarar kuwa unguwa guda ta danne.

To, dubi Bangaladesh. Kusan duk audugarta shigo da ita take, amma masana'antun tufafinta na riƙe da mutum wajen miliyan 4. Tamu masaƙar da janareta da baƙin mai take tafiya, ga bashin banki mai tsadar ruwa. Shi ya sa da aka rufe iyakokin ƙasa a 2019, farashi ya tashi a kasuwa, injinan masaƙun Kakuri da aka rufe kuwa ko motsi ba su yi ba.