Kujerun da ba mu ƙirga ba: amsa ga mai tambaya kan ɗacin ran masu neman sauyi

Assalamu alaikum. Ɗana, ka tambayi 'yan wannan zaure dalilin da ya sa duk jam'iyyar da ta taso da sunan talaka take ƙarewa ko dai a hannun masu ra'ayin riƙau ko kuma a tarwatse, ka kuma ce kai da abokan tafiyarka kun gaji da shugabannin da suke zuga ku da rana sannan su je su sasanta da dare, har kuna shawarar ko ku ƙaurace wa zaɓe baki ɗaya ko ku kafa taku jam'iyyar. Yawancin waɗanda suka riga ni amsawa sun tsaya a kan kuɗi da cin amana. Ban musa ba, duka biyun akwai su. Sai dai ni na yi PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano, a tsohuwar jihar Kaduna tun kafuwarta a 1978, ina malamin firamare a wani ƙauye na ƙasar Funtuwa, kuma abin da na gani ya sa nake ganin ɗacin ranku daidai ne amma kun aza shi a inda ba nan nauyin yake ba. Mun ɓata shekaru muna gardama kan wanda shugabanni za su zauna da shi, alhali ƙarfin abokan hamayyarmu yana cikin ƙananan kujeru da ƙa'idojin da ba mu ɗauke su bakin komai ba.

Wannan ba da mu aka fara shi ba. Iyayen gidanmu na NEPU, jam'iyyar talakawa wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, sun ɗanɗana shi tun zaɓen 1951. A lokacin ana zaɓe ne hawa-hawa, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, kuma NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a Kano. Amma doka ta ba En'e, wato hukumar mulkin sarakuna, damar ƙara mutanenta, har kashi goma cikin ɗari, a mataki na ƙarshe, saboda haka aka tashi NEPU ba ta da ko kujera ɗaya a majalisar Arewa. Ba a sayi kowa ba, ba a kuma saci akwati ba, ƙa'idar ce kawai aka tsara ta haka. Bayan wannan ga 'yan doka da kotun alƙali da gidan yari duk a hannun En'e, kuma izinin yin lacca ma daga can ake neman sa. Da NEPU ta nemi mafita ta hanyar ƙawance da NCNC, jam'iyyar Azikiwe, sai aka wayi gari bayan zaɓen 1959 NCNC ta shiga gwamnatin tarayya tare da NPC mai mulkin Arewa, ita kuwa NEPU da kujerunta 8 ta zama ƙawar ƙawar abokiyar gabarta. Tsofaffin da suka koya mana siyasa ba su taɓa daina jin zafin wannan ba, kuma da shi suka shigo PRP.

Yanzu bari in zo kan 1979, domin a nan ne maganar take. An yi zaɓen shekarar ne Asabar bayan Asabar: na dattawa ranar 7 ga Yuli, na wakilai ranar 14, na majalisun jihohi ranar 21, na gwamnoni ranar 28, sannan na shugaban ƙasa ranar 11 ga Agusta. Mu duk hankalinmu yana kan biyun ƙarshe. Ranar 21 ga Yuli ina ejan a wata rumfa, damina ta yi tsakiya, mutane suna gona suna maimai, waɗanda suka fito ba su da yawa. Ɗan takararmu mutumin kirki ne, amma rabin masu zaɓen ba su taɓa ganin fuskarsa ba, kuma keke ɗaya ne da shi. Ɗan takarar ɗaya ɓangaren kuwa shi ne mai sayen audugar yankin, shi yake ba da bashin dawa idan rumbu ya yi ƙasa, shi yake kawo taki a biya bayan kaka. Mai unguwa ya shimfiɗa buzunsa a gindin wata bishiyar ɗorawa da ke daf da layi, bai ce wa kowa ya zaɓi kowa ba, yana dai gaida duk wanda ya zo da sunansa, yana tambayarsa lafiyar iyali da yadda gona ta yi. Wannan gaisuwar ta wadatar. Bayan mako guda mutanen nan da yawansu suka fito suka dangwala wa mabuɗi, alamar PRP, domin a ganinsu gwamna yana can nesa a Kaduna, ba shi ne zai hana su bashin baɗi ba.

Sakamakon ya fito kamar haka: Alhaji Balarabe Musa na PRP ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN, jam'iyyar da ta ci gwamnatin tarayya, ya zama gwamna, amma a majalisa mai kujeru 99, NPN tana da 64, PRP tana da 16, GNPP 10, NPP 6, UPN 3. A Kano kuwa PRP ta kwashe 123 daga cikin 138, shi ya sa Gwamna Abubakar Rimi ya samu hannun yin aiki yadda yake so. Mun yi ta murna muna ihun Nasara, kuma da gwamnonin biyu suka soke haraji da jangali da hawansu a watan Oktoba, murnar ta zama ta gaskiya, domin wanda bai taɓa ganin magidanci yana kwana a daji don gudun masu karɓar haraji ba ba zai gane girman abin ba. Amma dubi lissafin da kyau. Tsarin mulki ya ce sai da kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa ake tsige gwamna, wato mutum 66. Kujeru biyu kacal suka rage wa NPN. Sauran jam'iyyu huɗun in an haɗa su suna da 35, kuma 34 sun isa su tare hanya. Ke nan rayuwar gwamnatin talakawa ta farko a jihar ta rataya ne a kan riƙe waɗannan mutum talatin da 'yan kai wuri ɗaya, da tsare kowace kujera a kotu da kuma duk wani zaɓen cike gurbi. Ban tuna wani taron jam'iyya da na halarta aka zauna aka yi wannan lissafin a fili ba.

Abin da muka sa a gaba shi ne rikicin taron gwamnoni. Gwamnoni tara, biyar na UPN, biyu na GNPP, biyu na PRP, sun fara haɗuwa don ja da gwamnatin tarayya, kuma korar da aka yi wa Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar Borno, zuwa Chadi a watan Janairun 1980 ta ƙara musu hujja. Uwar jam'iyya ƙarƙashin Malam Aminu Kano ta umarci gwamnoninta su daina zuwa, suka ƙi, aka kore su a 1980, jam'iyya ta dare gida biyu, 'yan Santsi na gwamnoni da 'yan Taɓo na Malam. Ɓangaren gwamnoni ya naɗa tsohon jagoran ƙwadago Michael Imoudu shugaba, hukumar zaɓe ta FEDECO kuma ta amince da ɓangaren Malam. Ni ina ɓangaren gwamnoni, kuma har gobe ina ganin hujjarmu ta fi ƙarfi, domin jam'iyyar da take da sanatoci 7 da 'yan majalisar wakilai 49 daga cikin 449 ba za ta iya tsayuwa ita kaɗai a gaban NPN ba. Amma tsoron da Malam yake da shi ba na banza ba ne. Ya ga yadda ƙawance ya ƙare da NEPU, yana gudun kada taron ya zama tsanin da Cif Awolowo, jagoran UPN, zai taka, yana kuma ganin idan gwamna ya fi ƙarfin jam'iyyar da ta tsayar da shi to jam'iyyar ta zama ta gwamna.

Yadda rikicin ya sauko ƙasa shi ne abin da littattafai ba su cika faɗa ba. A ofishinmu na gunduma, wani ɗan shago ne da benci biyu da allon jam'iyya a ƙofa, an kwana ana rigima kan wanda zai riƙe makulli da littafin rajistar 'yan jam'iyya, daga ƙarshe wani ɓangare ya tafi da littafin, ɗayan ya cire allon. Kuɗin ƙaro-ƙaro da ake tarawa duk ranar kasuwa don belin waɗanda aka kama ya tsaya, saboda babu wanda ya yarda da ma'ajin ɗaya ɓangaren. Akwai dattawa biyu da suka yi zaman kaso tare a zamanin NEPU, suka daina zuwa sunan jikokin juna. Shi kuwa mai sayen audugar nan bai fasa ba da bashinsa ba ko na damina ɗaya.

A Kaduna majalisa ta yi ta watsi da sunayen kwamishinonin da gwamna yake aika mata, shi kuma ya ƙi amincewa ya raba kujerun da NPN, saboda haka ya yi mulkinsa ba tare da majalisar zartarwa ba har ranar 23 ga Yuni 1981 da aka tsige shi, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Gaskiyar Balarabe da tsabtar hannunsa ko abokan gabarsa sun shaida, kuma ba na cikin masu cewa da ya miƙa wuya. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya zaɓi ya ja daga da mutum 64 dole ne ya kwana ya tashi da sanin inda sauran 35 suke, mu kuwa a lokacin ko namu 16 ɗin muna tambayar kowannensu wane ɓangare yake. Ba a cika makonni uku ba Kano ta kama da wuta. Gwamnatin jihar Kano ta aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma, ranar 10 ga Yuli aka yi tarzoma, aka ƙona gine-ginen gwamnati ciki har da gidan rediyo, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan harkokin siyasa, Allah Ya jiƙansa. Ko rinjayen 123 bai hana wannan ba, wanda ya nuna cewa akwai wani ƙarfin da ba a majalisa yake zaune ba, kuma taɓa shi yana buƙatar jam'iyya a dunƙule, ba wadda rabinta yake jiran rabin ya faɗi ba.

Kan maganarka ta sasantawa da dare, ka lura da inda kowa ya ƙare. Sam Ikoku, sakataren ɓangaren da ya hana ƙawance da UPN, ya koma NPN. Abubakar Rimi, wanda ya zargi uwar jam'iyya da kusantar NPN, ya ajiye mulki a 1983 ya tsaya takara a NPP, jam'iyyar da ta yi yarjejeniyar aiki da NPN daga 1979 zuwa 1981, kuma Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi. Babban ƙawancen 'yan adawa na PPA ya kasa fitar da ɗan takara ɗaya tsakanin Awolowo da Azikiwe. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, Lawal Kaita ya karɓi Kaduna, soja suka kwashe kowa a ƙarshen Disamba. Babu ɓangaren da bai zauna da wani ba. Saboda haka tambayar da ta kamata ku riƙa yi wa shugabanninku ita ce me suka riƙe a hannu lokacin da suka je zaman, me kuma suka fito da shi a rubuce. Mai kujeru yana ciniki ne, marar kujeru kuwa roƙo yake yi, ko da ya kira shi ƙawance.

Ƙaurace wa zaɓe ban goyi bayansa ba ko kaɗan. Ƙawancen 'yan adawa na UPGA ya gwada shi a 1964, NEPU tana ciki, aka ƙirga ƙuri'un da aka samu aka rantsar da waɗanda suka tsaya. Kafa sabuwar jam'iyya kuma ba laifi ba ne, amma ku sani a watan Fabrairun 2020 INEC ta soke rajistar jam'iyyu 74 saboda ba su cika sharuɗɗan tsarin mulki ba, kuma cin kujera ko da ta kansila ce yana cikin abin da yake tsare rajista. Wannan ma ƙa'ida ce irin ta 1951, ba ta da hayaniya amma ita take yanke hukunci. A ɗaya gefen, gyaran da aka yi a 2018 ya rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, ƙofar da mu ba mu samu ba, kuma na lura yawancinku kun tsallake ta kuna hangen kujerar gwamna da ta shugaban ƙasa.

Idan da gaske kuke, ku zaɓi mazaɓar majalisar jiha guda ɗaya ko biyu inda kuke da mutane, ku san yawan rumfunanta, ku san wa yake ba da bashi, wa yake raba taki, wa yake karɓo beli, domin duk wanda yake yin waɗannan shi ne abokin takararku na ainihi, kuma ba za ku raba manomi da shi da lacca ba sai kun samar masa wani abin dogaro, ko da asusun adashi ne na ƙungiya. Ku shiga zaɓen shugabannin mazaɓa na jam'iyyar da kuke ciki, tunda daga nan wakilan fitar da 'yan takara suka saba fitowa, kuma wurin ne aka fi barin wa 'yan kwangila ba tare da hamayya ba. Ku rubuta tun yanzu yadda za ku warware saɓani idan ya taso, da wanda zai riƙe rajista da asusu kafin a warware shi, saboda saɓanin zai zo, kuma zai zo ne tsakanin mutanen da kowannensu yake da gaskiyarsa. Ranar zaɓe kuma kowace rumfa ta samu ejan da ya iya karatu da lissafi, wanda kuka ciyar da shi daga aljihunku don kada ya ci na wani, kuma kada ya bar wurin sai an cika takardar sakamako ta EC8A a gabansa, ya sa hannu, ya karɓi kwafinsa.