Gidana da Gidanmu: Amsoshin Tambayoyinku

Malam, shekara 14 ke nan ina zaune a birni, kuma gaskiya ina son zaman. Amma kullum 'yan'uwa sai su ce mini "kowa ya bar gida, gida ya bar shi". Wai ni gida ya bar ni ke nan?

'Yata, masu jifan ki da wannan magana ba su tsaya sun duba kalmar "bari" ba. Akwai barin tashi, kamar a ce mota ta bar tasha. Akwai kuma barin watsarwa, kamar a ce wane ya bar salla, ko ya bar gonarsa ta koma daji. A ganina na biyun ake nufi, kuma shaidar tana cikin ƙarshen maganar. Gida ba shi da ƙafa, balle ya tashi. Watsar da mutum yake yi: a yi rabo ba da shi ba, a yanke shawara bai ji ba. Wanda ya yanke zumunci shi ya bar gida, ko da katangarsu ɗaya da mahaifinsa.

Tun da kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, bari in ƙara. Ki saurari bakinki da kanki. Ɗakin da kike biya wa haya "gidana" kike ce masa. Inda aka haife ki kuwa "gidanmu" ne, ko da ke kaɗai kika rage a zuri'ar. Haka "garinmu". In kika ji mutum ya ce "garina", to ko sarki ne ko mai koyon Hausa. Harshen da kansa ya ware wa mutum gida biyu, ɗaya na guminsa, ɗaya na tarayya, bai kuma ce sai an saki wannan za a riƙe wancan ba. Shi ya sa "zan tafi gida" a bakin ma'aikaci da yamma daban yake da "zan tafi gida" a bakinsa ranar da ya sami hutu, kuma ba wanda ya taɓa ruɗewa.

Af, a haɗe ake rubuta su: gidana, gidanmu. Masu rubuta "gida na" a waya sun ishe ni. Na yi magana har na gaji.

In 'yan'uwan naki sun sake, ki ce musu gida biyu maganin gobara.

Mene ne bambancin birni da gari?

Kowane birni gari ne, amma ba kowane gari ne birni ba. A asali ganuwa ce ke sa a ce birni, ba yawan jama'a ba. Duba sunaye: Birnin Kebbi, Birnin Gwari, Birnin Kudu, Birnin Ƙonni. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara ganuwar Kano, aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), kuma har gobe abin da ke bayanta "waje" ake ce masa, ko da ya fi cikin ganuwar cunkoso. A Damagaram ma Birni unguwa ce, Zango unguwa ce.

Yau kalmar ta tsallake ganuwarta. Abuja, da gwamnati ta koma cikinta a 1991, ba ta da ko taku ɗaya na ganuwa, ga shi muna ce mata babban birnin tarayya. Ban ƙi wannan ba, harshe yana tafiya da zamani. Abin da na ƙi shi ne ɗan jaridar da zai kira duk garin da ya ga fitilar kan titi birni.

Na ji ana cewa "karkara da maraya". Me ya kawo maraya nan?

Ba wanda ya rasa mahaifi ba ne. Wata kalma ce daban mai nufin babban gari, rubutu ne kawai ya haɗa su.

An ce da ni "ɗan birni". Yabo ne ko zagi?

Ya danganta da abin da ka yi kafin a faɗa. In ka nuna wa baƙo hanya ne, wayewa ake nufi. In kuwa ciniki kuka gama, ɗana, ka sake ƙirga canjin da ka ba shi.

Bariki fa, ita ma birni ce?

A'a. Aro ce daga kalmar Turanci ta mazaunin soja. Daga nan ta koma sunan unguwar Turawa da ma'aikatansu a zamanin mulkin mallaka, sannan ta zama sunan duk zaman da babu idon dangi a kansa. Saboda haka ake ce wa mutum ɗan birni ya yi dariya, a ce masa ɗan bariki ya ɓata rai.